Gwaggona ta kawo mini maganin ƙiba kafin biki, in sha?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni ɗiyar Tahoua ce, shekarata 22, an sa bikina bayan Sallar Layya. Tun da aka sa rana gwaggona ta sa ni gaba, wai na cika rama, dangin miji za su ce yunwa ake yi a gidanmu. Jiya ta kawo mini ƙwayoyi daga wajen masu tallar magani, ta ce in riƙa shan biyu kullum da dare. A jikin katin an rubuta dexamethasone. Na hau sikeli a CSI, ƙaramin asibitin unguwarmu, kilo 49 gare ni, tsawona mita 1 da santimita 60. Ci bai dame ni ba: shayi da burodi da safe, ƴar shinkafa da rana, shi ke nan. Kuma nakan ji jiri in na miƙe. In sha ne? In ban sha ba, me zan ci?

Maman Ƴan Biyu: Sha-ka-fashe ke nan, kada ki kusance shi.

Ma'aikaciyar jinya, Yamai: Ƙanwata, tukuna ma wa ya ce kin rame? Akwai awon da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ke aiki da shi, IMC. Ki ninka tsawonki sau kansa, 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, ki raba kilo 49 da shi, 19 da ɗoriya ke nan. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai ga baligi. Mai tsawonki tana lafiya tun daga wajen kilo 47 da rabi har 63. Kina kusa da ƙasan layi, in kin ƙara kilo uku ko huɗu ba laifi, amma ba ciwo gare ki ba.

Ƙwayar kuwa maganin kumburi ce da asma mai tsanani, likita ke rubuta ta ya ƙayyade kwanaki. Abin da mata ke gani su ce ƙiba, kitse ne ke taruwa a fuska da ciki da ƙeya, ga ruwa da jiki ke riƙewa, naman hannu da cinya kuma yana zubewa. Tana kawo hawan suga da hawan jini, tana cin ƙashi, tana raunana garkuwar jiki, fata ta yi nankarwa. Ni jirin nan ya fi damuna. Ki koma a auna miki jini. Mace marar ciki in hemogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 12, ƙarancin jini ne, shi kansa yana hana ci. A duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki.

Wata amarya: To ni dai wata biyu ke nan ina sha, na cika fes, ba abin da ya same ni.

Ma'aikaciyar jinya, Yamai: Amarya, ke taki ta fi gaggawa. Kada ki yanke shi dare ɗaya. Akwai ƴan halittu bisa ƙoda masu yin sinadarin kotizol, in an daɗe ana shan ƙwayar sai su daina aiki. Yankewa farat ɗaya na iya faɗar da jini har a suma. Ki je wa likita da katin a hannu, shi zai rage miki sannu-sannu.

Inna, Konni: Ɗiyata, kada ki ga laifin gwaggonki, mutuncinki take nema, hanyar ce ta ɓata. Mu da aka yi kiwonmu kafin aure, fura ce da nono, safe da marece, da tuwon hatsi miyar kuka an zuba man shanu. Ƴaƴan yanzu kun bar hatsi kun kama burodi da lemun kwalba, ina jiki zai fito?

Malamar makaranta: Inna ta yi gaskiya kan fura, sai dai a yau ba ɗure ake so ba. Mai ƙaramin ci ba ta iya cinye kwano guda, sai ta ci kaɗan-kaɗan sau biyar. Kunun gyaɗa da ƙosai ko ƙwai da safe. Da hantsi fura. Shinkafar ki haɗa ta da wake, ki sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a gefe. Cuku da dabino da gyaɗa su zauna cikin jakarki. Kifin Tabalak in ya samu, hanta sau ɗaya a sati, fara ma in lokacinta ne. Shayin nan ki nisanta shi da abinci ko da awa ɗaya, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Lemun tsami da tumatir ɗanye su ke taimaka masa. Rabin kilo a sati ya isa, ki hau sikeli duk bayan sati biyu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, gobe in sha Allah zan je awon jini. Sauran gwaggo, in na ce ba ni sha za ta ce na raina ta.

Inna, Konni: Ba ke za ki faɗa mata ba. Ki roƙe ta ta raka ki awon, ki riƙe katin, malamar asibiti ta yi mata bayani da bakinta. In kun dawo ki ce furarta kike so, ta riƙa dama miki.