Wanda ya fita, maganarsa ta bi shi ko ta zauna?

Auta: Assalamu alaikum. Ni a ganina duk wanda ya rufe asusunsa a wani dandali, kamata ya yi a share duk abin da ya taɓa rubutawa, har hoto har saƙo. Shekara uku ina cikin wani zaure na masu jinyar iyaye, na faɗi abin da ko a gida ban faɗa ba. Na fita, na goge asusun. Jiya wata ƙawata ta turo min hoton rubutuna, yana nan daram, sunana kaɗai aka cire.

Kawu: Wa alaikumus salam. Na ji zafinki, Auta, amma "duk" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Hira ba ta mutum ɗaya ba ce. Kin yi tambaya, mutum goma sun amsa, in aka zare naki, nasu ya zama zance ba kai ba gindi. Shi ya sa a dandalin tattaunawa na Reddit rubutu yake zama bayan an goge asusu, suna ne ke ɓacewa. Wikipedia ma ba ta goge asusu, domin dole a danganta kowane gyara ga wanda ya yi shi, sai dai a sauya maka suna.

Auta: Kawu, gyaran maƙala daban, ciwon Mama daban. Na ambaci cutar, da watan da aka kwantar da ita, da daren da na kwana a kan kujera ina ƙirga numfashinta. Wanda ya san mu zai gane ni ko babu suna.

Yaya: A nan ina bayan Auta. Cire suna bai ɓoye mutum in labarin da kansa yana nuna shi. Kuma da yawa ba su san fita iri-iri ce ba. A Facebook, dakatar da asusu ɓoyewa ce kawai. In ka nemi gogewa, sai a ba ka kwana 30 ko za ka sauya shawara, sharewar kuma tana iya kaiwa kwana 90, amma saƙon da ka aika wa wani yana nan a akwatinsa. WhatsApp ma haka, ka bar zaure, maganarka tana cikin wayoyin jama'a.

Kawu: To ka gani. Abin da ya shiga wayar wani, wa zai ƙwace?

Yaya: Wannan gaskiya ne, Kawu, amma wanda ke rumbun kamfani fa? Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, sashe na 17 ya ba mutum damar neman a share bayanansa, kuma dole a ba shi amsa cikin wata ɗaya.

Kawu: Sashen da kansa ya yi togaciya kan 'yancin faɗar albarkacin baki da samun bayani. Ka tuna da wadda za ta shiga zauren gobe da uwa a kwance, ta tarar an kwashe duk abin da zai taimake ta.

Auta: Ina tausaya mata wallahi. Amma a tambaye ni mana! Da an ce min zaɓi wanda za ki bari, da na bar shawarar yadda ake juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, na cire sauran. Ba wanda ya faɗa min cewa in na rufe asusun, hannuna ya fita daga kan rubutuna.

Kawu: A kan wannan kam kin yi gaskiya, ya kamata a gargaɗi mutum kafin ya danna. Amma share komai, har yanzu ban yarda ba.

Yaya: Auta, ki sa ƙawar taki ta kwafo adireshin kowane rubutu da ya ambaci Mama. Da daddare sai mu rubuta wa masu kula da zauren, mu jero su ɗaya bayan ɗaya.