Janaretan maƙwabci: laifin mai shi ne ko na gwamnati?

Malamar firamare: Salamu alaikum jama'ar layi. Dan Allah ina so a yi magana kan janaretan gidan da ke kan kwana, tun tara na dare ake tada shi har kiran assalatu kuma jikin katangarmu aka ajiye shi daidai tagar ɗakin yara, hayaƙin shigowa yake, ƙaramar jiya da tari ta kwana. Na yi wa uwargidan magana ta ce wai ba laifinsu ba ne laifin gwamnati ne da ba ta ba da wuta. Ni dai wlh ban yarda da wannan maganar ba.

Telan bakin titi: Wa'alaikumussalam Malama, Allah ya ba yarinya lafiya. Amma fa gaskiya matar nan ta faɗa. Wa zai ƙona fetur don marmari yanzu? Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce dubu. Mutumin nan ƙanƙara da kunun aya yake sayarwa, firiza biyu ne da shi, in ya kashe inji dare ɗaya jarinsa ya narke.

Ɗan Maraɗi: Ni ina bayan tela. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 da CEDEAO (wato ECOWAS) ta sa takunkumi Nijeriya ta yanke mana wuta, Yamai da Maraɗi duk ƙarar inji kake ji, waɗanda suka yanke ɗin suna can cikin sanyi talaka ne ya kwana da zafi da hayaƙi. Manya ke faɗa mu ke biya.

Baba Alhaji: Ku tsaya yara. Ba wanda ya ce wuta ta wadata, duk mun ga duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, fiye da mako. Amma gwamnati ce ta ɗauki injin ta jingina shi da tagar yaran mutane? Gidansa na da fili ta baya, can ya ƙi kaiwa don kar ya dami nasa iyalin. Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe ba yana masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci zai ba shi gado. Kuma hayaƙin janareta kisa yake, ana kwana lafiya a wayi gari da gawa.

Telan bakin titi: Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma. Amma in ya mai da shi baya ai gidan mai unguwa ne a can, shi ya sa.

Malamar firamare: To ka ji! Wato ya san yana cutarwa kenan, ya zaɓi wanda zai cuta.

Mai cajin waya: Ni abin da ke ƙona min rai kansila. Lokacin kamfen motarsa da lasifika huɗu har sha ɗaya na dare tana zaga layin nan ba wanda ya yi barci, yau ko waya ba ya ɗauka. Kotun Ƙoli ta ce tun Yuli 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to ina fitilun sola, ina taransifomar da aka yi mana alkawari?

Yaron kansila: Haba, kansila ne ke raba wuta? Abin nan na duniya ne, tun da Rasha ta shiga Yukiren a 2022 gas da fulawa suka tashi ko'ina, har Turawa kuka suke da kuɗin wuta.

Mai cajin waya: Kullum Yukiren. Putin ne ya hana shi zuwa ya sasanta maƙwabta biyu?

Ɗan Maraɗi: Amma in za a yi adalci sola ba arha ba ne, batir da inbata da za su riƙe firiza biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne, kar a ce ya sauya kawai.

Malamar firamare: Ban ce ya sayi sola ba, ban ce ya bar sana'arsa ba. Ya janye shi daga tagar, ya sa wa salansa bututu hayaƙin ya yi sama, ya kashe sha biyu in ƙanƙarar ta kama. Shi ke nan roƙona.

Baba Alhaji: 'Yata kwantar da hankalinki. Bayan isha'i zan same shi a masallaci, tela kai ma ka zo tunda kuna shiri.

Telan bakin titi: Zan zo Baba in sha Allah. Janyewa da bututun zan goyi baya, amma kashewa sha biyu kam sai mun ji ta bakinsa, da zafin nan ƙanƙara ba ta kai safiya.