Tambaya a kan kalmar "again" ta Ingilishi

Ɗalibi daga Birni:
Assalamu alaikum. Ni ɗan ajin ƙarshe ne a wani lise, wato babbar makarantar sakandare, a nan Damagaram. A aikin fassara an ba mu jimlar Faransanci "il dort encore", na rubuta "he is sleeping again", sai malaminmu ya soke, alhali ƙamus ɗina ya nuna "encore" daidai take da "again". Ina roƙon malamai da yayye su nuna mini inda na kauce.

Tsohon malamin Ingilishi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Faransanci ne ya ruɗe ka, domin "encore" kalma ɗaya ce mai ɗauke da kaya uku, Ingilishi kuwa kowane kaya ya ba shi kalmarsa. Da ka bi ta Hausa da ba ka faɗi ba. Idan abu ya tsaya sannan ya dawo, inda muke cewa "ya sake", nan ne wurin "again". Idan bai taɓa tsayawa ba, wato "har yanzu", sai a ce "still". Idan ƙari ake nema, kamar mai son a ƙara masa shayi, "more" ce. Mutumin da ke cikin jimlarka bai farka ba balle ya koma barci, saboda haka "he is still sleeping" malaminku yake nema. Ka lura kuma da mazaunin "again" a jimla: mu muna sa "sake" kafin aikatau, mu ce "ya sake zuwa", su kuwa galibi a ƙarshe suke ajiye ta, "he came again".

Ɗan kasuwa daga Zango:
Malam ya gama magana, amma ina da ɗan ƙari daga abin da kunnena ya ji. Shekaru ina sarin atamfa a Kantin Kwari, kuma idan ɗan Najeriya ya ce "I am not buying again", nufinsa ya fasa saye ke nan, ko da bai taɓa saye a wurinka ba. Baturen Ingila zai fahimci cewa ya taɓa saye, ba zai sake ba. A kasuwa hakan ba laifi, amma ƙanena, kada ka kai shi takardar jarrabawa.

Malama daga Garin Malam:
Akwai wani amfani da littattafan makaranta ba su cika kawowa ba. Wanda ya ce maka "What is your name again?" ya taɓa jin sunan ne ya manta, kamar mu ce "wane ne ma sunanka?" Ana furta kalmar "agen" ko "agein", duka daidai ne, sai dai a kiyaye "against", wadda ke nufin adawa ko jingina da abu.

Ɗalibi daga Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To, Malam, "pas encore" fa, ita ma "still" ce?

Tsohon malamin Ingilishi:
A'a, wannan ita ce "tukuna" tamu, kuma "not yet" ake cewa.