Allurar rage ƙiba maganin ɗaukewar al'ada ce? An kai ruwa rana tsakanin matan Agege

Hajiya Binta: Salamu alaikum. Jiya a gidan suna a Idi-Araba na haɗu da wata tsohuwar ƙawata, da ƙyar na gane ta. Ta zabge, har zoben hannunta ta naɗe shi da zare don kada ya sulluɓe. Ta ce allurar Ozempic take yi sau ɗaya a mako, kuma tun da ta fara, zafin nan da ke taso mana daga ƙirji zuwa fuska ya lafa, gumin dare ma haka. Wai ita ce mafita ga macen da al'ada ta ɗauke mata, ba sai ta sha maganin homon ba, wato wanda ke maye gurbin sinadaran jikin mace da suka ragu. Ni dai na fara lissafin kuɗi.

Maman Khalifa: Hajiya, ajiye lissafin tukuna. Ozempic ai na masu ciwon suga ne.

Anti Rabi, nas: Haka ne. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017 don ciwon suga, sai a 2021 kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya samu izinin sayar da sinadarin da sunan Wegovy don rage ƙiba. Babu wanda aka yi wa rajista a matsayin maganin zafin ɗaukewar al'ada. Kuma Hajiya, cewa ba ruwansa da homon, a duba. Kwaikwayon wani homon yake yi mai suna GLP-1, wanda hanji ke saki bayan cin abinci ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Istirojin, homon mata da ke raguwa in al'ada ta ɗauke, shi ne kawai babu a ciki.

Hajiya Binta: To ƙawar tawa ƙarya ta yi min ke nan?

Anti Rabi: A'a, Allah ya ba ki haƙuri. Mace mai jiki ta fi fama da zafin nan, in nauyi ya ragu wasu kan ji sauƙi, barci ya gyaru, gwiwa ta huta. Ramar ce ta taimake ta. Siririyar mace mai gumin dare fa, me za ta rage?

Yaya Hauwa: Rabi, ban yarda a yi wa abin nan kallon raini ba. Shekarata 52. Tun da jini ya ɗauke, kitse ya bar ƙugu ya tare a ciki, alhali abincina bai ƙaru ba. Na bar burodi da shayin safe, na bar masa, ina taka ƙafa daga gida zuwa shago maimakon hawa keke. Wata shida sikeli bai motsa ba. Ga hawan jini, ga suga yana leƙowa. Ƙarfe uku na dare in farka rigar barci sharkaf, in juya matashi, in sake juyawa, fanka na kaɗawa amma kamar ina bakin murhu. Maganin homon kuma likita ya hana ni saboda jini ya taɓa daskare min a ƙafa. Irina fa, ina za ta? A ce ki rage ci, ki rage ci, kamar ba mu da kunne.

Maman Khalifa: Yaya Hauwa, wallahi kin ba ni tausayi. Amma na ji in an daina, ƙibar dawowa take.

Anti Rabi: Tana dawowa. A babban gwajin da aka yi, mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, waɗanda aka bi bayan sun daina kuma sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku a shekara guda. Yaya, ke da ke da hawan jini da suga, ban ce kada ki yi ba, ƙila ma ke ce aka yi domin ki. Abin da ke damuna shi ne ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, mu kuma a shekarun nan ƙashi ya riga ya fara laushi saboda istirojin ya yi ƙasa. Ga tashin zuciya, amai, bushewar ciki, wasu har tsakuwar matsarmama. In zafin ne ya fi damun ki, akwai Veozah da Amurka ta amince da shi a 2023, ba homon ba ne, don zafin aka yi shi, sai dai ana bibiyar hanta da gwajin jini.

Hajiya Ladi: Ku kuna ta Turai. Allurar nan a firij ake ajiye ta kafin a buɗe. Da wace wutar? Unguwarmu kwana uku sai janareta. Wadda ta kwana a jakar 'yar talla cikin goslon Oshodi, wa ya san abin da ya rage a cikinta?

Maman Khalifa: Ga jabu kuma. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin an kama jabun Ozempic a Birazil da Ingila da Amurka. Can ma ke nan, balle wadda ake turo hotonta a Instagram.

Hajiya Ladi: Iyayenmu sun wuce shekarun nan da mafici da ruwan randa, ba su mutu ba.

Yaya Hauwa: Hajiya, ba su mutu ba, amma kin tambaye su? Kunya ce ta rufe bakinsu. Kuma su daka suke yi da surfe da ɗiban ruwa, mu muna zaune a shago tun safe har magariba.

Hajiya Binta: Ni fa har yanzu ina kan bakata. Na ga mace da idona tana dariya ba ta fifita da gefen mayafi.

Anti Rabi: Kin tambaye ta wa ya rubuta mata, da inda ta saya?

Hajiya Binta: Ta ce wata ce ke kawo mata gida.

Yaya Hauwa: Ni ranar Talata nake da ganin likita, zan kai masa maganar da takardun gwajina. Hajiya Binta, in za ki, mu haɗu a Pen Cinema ƙarfe bakwai, kafin hanya ta cushe.