Kiran motar lantarki saboda matsalar manhaja: wa abin ya taɓa shafa a nan Gombe?

Mai tambaya, Tumfure:
Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 nake lissafin komawa motar lantarki, ga shi yanzu an nuna min wata da aka shigo da ita daga Amurka. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yawan jin kamfanoni na kiran motocin nan domin gyaran manhaja. Ko a Disambar 2023 Tesla ta kira mota wajen miliyan 2 a Amurka saboda tsarin Autopilot mai taya direba tuƙi. To mu da ke Gombe wa zai kira mu, ina kuma za mu kai? Wanda abin ya faru a kansa ya yi magana, ban da ji-ta-ji-ta.

Ɗan kasuwa, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba wanda zai kira ka. Ina dawowa daga Bauchi, na wuce Alƙaleri kaɗan, sai rubutu ya fito a allo, motar ta fara rage gudu da kanta. Ina taka totur tana ƙi. Da ƙyar na gangara gefen titi, daga nan ta yi shiru, alhali cajin ya fi rabi. Sai janwe muka nemo ya kawo ta gari, kuɗin da na biya shi ya ishe ni fetur na tsawon lokaci.

Daga baya ɗana ya duba lambar da kamfani ya buga a jikin motar a intanet, ashe kamfanin ya kira irinta tun kafin a ɗora ta a jirgin ruwa. Takardar kira kuwa adireshin mai ita na can ake aika wa. Shi ya rabu da ita, an yi gwanjonta, ta bi hannu ta iso Legas, ta iso wurina da ciwonta.

Mai rewaya, Tashar Dukku:
Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Bari in yi wa jama'a bayanin abin da ke ɗaure musu kai. Motar lantarki batir biyu gare ta. Akwai babba mai jan mota, akwai ƙarami mai volt 12 irin na kowace mota. Ƙaramin shi ke riƙe da kwamfuta da fitilu da makullan ƙofa, shi ke kuma jona babban idan ka kunna. Ba ta da altaneta, wata na'ura ce ke ɗebo wuta daga babban tana cika ƙaramin. In wannan na'urar ta lalace, ko manhajar da ke tafiyar da ita ta yi kuskure, ƙaramin zai tsotse, mota ta tsaya da cajinta a ciki.

Kuma abin bai tsaya kan kamfani ɗaya ba. A Maris 2024 Hyundai da Kia sun kira mota kusan 147,000 a Amurka saboda na'urar ICCU, wato mai cika ƙaramin batir ɗin nan, har da Ioniq 5 da EV6, suka sake kiran sama da 200,000 a Nuwamban shekarar. Gyaran shi ne a sabunta manhaja, a canza na'urar da fiyus ɗinta in sun taɓu. Ford ma a Yunin 2025 ta kira Mustang Mach-E kusan 197,000 saboda in ƙaramin batir ya yi rauni ƙofa na iya kullewa bayan direba ya fita, wanda ke baya ya maƙale. Ku ƙiyasta yaro a kujerar baya cikin zafin Afrilu na garin nan.

Ni kwamfutata tana karanta matsala tana gogewa, iyakarta ke nan. Manhajar kamfani sai wakilin kamfani. Duk wanda ya ce zai sauko muku da ita daga intanet ya ɗura wa mota, ku tambaye shi wa zai biya in ƙwaƙwalwar ta mutu.

Malamar makaranta, Federal Low Cost:
Ni kam Alhamdu lillahi, tawa ba ta ba ni wahala ba. Saƙon sabunta manhaja ya fito a allo, na matso da ita kusa da tagar falo ta kama Wi-Fi, ta sauke abinta. Ta ci data ba kaɗan ba, kuma ba a tuƙa ta yayin da take sakawa, don haka da dare na bar ta. Ku kuma daina razana da kowane kira. A Fabrairun 2024 Tesla ta kira mota kusan miliyan 2.2, dalilin kawai rubutun fitilun gargaɗi na allo ya yi ƙanana. Doka ce ta can ta sa ake lissafa shi cikin kira ko da motar ba ta bar ƙofar gida ba.

Ma'aikacin asibiti, Pantami:
Malama, kin yi sa'a ne. Tawa ta kasuwar Chaina ce, da lambar wayar wani na can aka yi mata rajista. Saƙo na fitowa da rubutunsu, na ɗauka da waya na fassara, sabuntawa ce da ta shafi burki. In na danna sai ta nemi lambar sirri da aka tura wa waccan wayar. Wanda ya sayar min ya ce in share, ba komai. Har yau a haka nake hawa, raina bai kwanta ba.

Dillalin motoci, hanyar Bauchi:
Ku yi mana adalci, jama'a. Kira ba da motar lantarki ya fara ba. Jakar iskar kariya daga haɗari ta kamfanin Takata miliyoyi aka kira a duniya, kuma 'yan Kwatano masu fetur da ke ɗauke da ita suna nan suna yawo a Bolari, ba wanda ya taɓa tambayata. Mu ma a gwanjo muke saye, ba a haɗa mana da tarihi.

Ɗan kasuwa, Jekadafari:
Ranka ya daɗe, ai duba lambar kyauta ne. Ku da ke cin riba ku ya kamata ku fara dubawa.

Ɗalibin injiniyanci, Tudun Wada:
Gaskiyar Baba ce. Lambar jikin mota, ba ta rajista ba, haruffa da alƙaluma ce guda 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ginshiƙin ƙofa. A shigar da ita a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai nuna kiran da ba a yi gyaransa ba. Motocin kasuwar Amurka kaɗai yake sani. A karanta wajen maganin da kyau, a gane ko ta intanet za a tura gyaran ko sai an je gareji. Wani lokacin ma manhajar tsayar da jini ce kawai. Chevrolet Bolt a Nuwamban 2020 an sa mata manhaja mai tsayar da caji a kashi 90 saboda gobara, amma a 2021 sai da aka koma canza batir.

Malamar makaranta, Federal Low Cost:
Malam mai rewaya, in mutum ya sa sabon ƙaramin batir, bai tsira daga irin abin da ya sami Alhaji ba?

Mai rewaya, Tashar Dukku:
A'a, Hajiya. In na'urar ba ta cika shi, sabon ma zai tsotse, tazara kawai zai ƙara miki. Akwai ɗan mita da ake sokawa a ramin caja, ba tsada. Mota na kunne ya kamata ki ga volt 13 da wani abu zuwa 14. In kika ga ya sauka ƙasa da 12 yana ci gaba da sauka, kada ki hau hanyar Kaltungo, ki kawo a auna.