Baƙin tabo a tafin ƙafar Inna, akwai na'urar da zata gane shi ba sai an yanka ba?

Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum yan uwa dan Allah inada tambaya. Innarmu ce keda wani baƙin tabo a tafin ƙafa wajen dunduniya, da farko kamar ƙwayar dawa har muka ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki, yanzu kusan shekara ya kai girman ƙwayar wake, gefensa ba daidai ba, wani wajen baƙi ƙirin wani wajen ruwan ƙasa, kuma baya mata ciwo ko kaɗan. Likita yace sai an yanki ɗan nama an kai gwaji ita kuma tace atafau, wai daji in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake. Shin babu wani sikanin da zai nuna ko menene ba tare da yanka ba? Wlh ko bacci bana iyawa.

Nas Mai Fata:
Wa alaikumus salam, Allah ya bawa Inna lafiya. Akwai yar uwa, amma kowacce da inda ta tsaya. Wacce muka fi aiki da ita damatoskof ce, yar ƙarama kamar tocila mai gilashi, tana ninka girman abu kusan sau 10 kuma haskenta na ratsa saman fata, ɗora ta kawai za'ayi akan tabon, ba allura ba jini. Buɗe tafin hannunki ki duba da kyau zaki ga layuka kamar gonar da akayi wa huɗa, ga kunya ga kwari. To tawadar Allah ta yau da kullum launinta kwarin yake bi, shi kuwa melanoma, wani nau'in dajin fata, sai ki ga launin ya hau kan kunyoyin inda ƙofofin zufa suke. Likitocin Japan ne suka gano wannan, kuma a tsarinsu tabon tafin ƙafa da ya wuce milimita 7 kuma bai nuna kamannin tawada ba cire shi ake a gwada. Ƙwayar wake ta kai hakan.

Akwai konfokal mai aiki da leza, ita har ƙwayoyin halitta take nunawa amma zurfinta bai wuce kwatan milimita ba, ga fatar dunduniya da kauri balle in akwai kaushi. Sai OCT, wata na'urar ɗaukar hoton cikin fata da haske, mai shiga milimita 1 zuwa 2. Duka biyun tsada garesu, anfi samunsu a manyan cibiyoyin Turai da Amurka, kuma can ɗin ma in na'ura ta nuna alamar haɗari sai an kai naman ƙarƙashin madubin likita kafin a yanke hukunci. Abinda kika lissafa, girma da yake, launi biyu, shekarunta, gsky ni ban so a ƙara sati ba. Mu baƙar fata melanoma a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce yafi kama mu.

Abban Zabiya:
Maganar ƙarfen nan ita ta kusa cinye mana yaro. Ɗana zabiya ne, wani miki ya fito masa a saman kunne yana ɓawo yana warkewa yana dawowa, wata takwas muna shafe shafe saboda kakarsa ta hana, da muka je sai da aka cire kusan rabin kunnen, alhali likitan yace da wuri ɗinki uku zuwa huɗu ya isa. Abinda na fahimta mutane sai abu ya riga ya bazu suke zuwa, in an yanka mutum ya rasu sai ace wuƙa ce. Yanzu duk bayan yan watanni ana haska masa fuska da wuya da waccan tocilar, ko minti goma baya kaiwa.

Maman Twins:
To sikanin ciki da ake mana na awo bazai yi ba? naga shi ko ina akwai

Nas Mai Fata:
Bazai yi ba Maman Twins, na awo saurin kaɗawar sautin da yake aiki dashi megahaz 3 zuwa 5 ne, don hango nesa akayi shi. Na fata daga 20 yake zuwa sama, shima kaurin ƙarin yake aunawa, baya faɗin irinsa. Haka shuɗin hasken da ake duba cikin baki dashi, da ruwan binega da ake shafawa a bakin mahaifa inda wajen da ake zargi ke yin fari, duk nuna wa likita suke inda zai ɗauki nama.
Yar Gwammaja ku nemi sashen fata a asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika in Zariya tafi muku, kuma kar a bari wanzami ko mai kemis ya kankare shi. Ki ɗauki hotonsa yau da rula a gefe ki tafi dashi.

Yar Gwammaja:
Nagode sosai Allah ya saka da alkhairi. Na karanta mata labarin ɗan Abban Zabiya tayi shiru, daga baya tace a kira Kawu, shi kaɗai take jin maganarsa. Na auna da rula yanzu milimita 9 ne. Litinin da sassafe zamu tafi in sha Allah, ku samu a addu'a.