Me ya sa marubutan juyin juya halin Rasha suke siffanta jikin mutum da inji?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Ina nazarin waƙoƙin da aka rubuta a Rasha bayan juyin juya halin 1917, kuma na lura cewa sau da yawa ana siffanta ma'aikaci da ƙarfe da inji maimakon tsoka da jini. Shin yabo ne wannan ga ɗan Adam, ko rage masa daraja? Ina neman ƙarin haske daga malamai.

Mai Bibiyar Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malama. A wurin Aleksei Gastev dai yabo ne tsantsa. Ma'aikacin ƙarfe ne shi kafin a san shi da waƙa, kuma a diwaninsa na 1918 akwai waƙar da mai magana yake jin jinin ƙarfe na kwarara cikin jijiyoyinsa, har ya haɗe da ginin masana'antar ya zama abu guda da shi. Bai tsaya kan takarda ba, domin a 1920 ya kafa cibiyar nazarin aiki a Mosko, inda ake auna motsin hannun mai buga guduma don a horar da ma'aikata bisa tsarin Ba'amurken injiniyan nan Frederick Taylor na ƙididdige lokaci da motsin ma'aikaci don aiki ya ƙara sauri. A tuna cewa akasarin Rashawa manoma ne a lokacin, yaƙin basasa kuma ya durƙusar da masana'antu, saboda haka injin da ake waƙewa abin bege ne da ba ya hannu.

Tsohon Malami:
Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ba kowa ne ya yi na'am da wannan mafarki ba. Yevgeny Zamyatin, wanda injiniyan jiragen ruwa ne, ya rubuta labarinsa mai suna "Mu" tsakanin 1920 da 1921, inda mutane ba su da suna sai lamba, ake ƙayyade musu lokacin ci da barci, daga ƙarshe a yi musu tiyata a ƙwaƙwalwa don a kashe musu ikon yin tunanin zuci. A ganina shi ya fi hangen nesa. Ba a buga littafin a Tarayyar Sobiyet ba sai 1988, shi kuwa Gastev gwamnatin Stalin ce ta harbe shi a 1939.

Ɗalibar Adabi:
Na gode, Allah ya ƙara sani. To, a ina za a ajiye Nikolai Ostrovsky, wanda ya rubuta ƙagaggen labarinsa mai suna "Yadda Aka Ƙarfafa Baƙin Ƙarfe" yana kwance, makaho, jikinsa a shanye? Ina ganin a wurinsa ƙarfen ya bar jiki ya koma zuciya, amma ina son jin ra'ayinku.